Tsohon Sule a Cikin Ambulan: Wa Zai Biya Idan Ya Ɓace a Hanya?

 Yau magana ce a kan wani abu da za a ɗauka ƙarami ne, wato tsofaffin kuɗin ƙarfe da wasu daga cikinmu ke saye ta intanet daga Ingila ko Amurka domin ajiyar tarihi, da kuma yadda za a yi su iso hannun mai su lafiya. Ra'ayina a taƙaice shi ne, duk wanda ya biya kuɗin tsohon sule bai tsaya ya tambayi wa zai ɗauki asara idan ya ɓace a hanya ba, to ya riga ya amsa tambayar da kansa, domin shi ne zai ɗauka.

Bari mu fara da abin da ake saye ɗin, saboda yaran yanzu. Kafin naira ta zo a ranar 1 ga Janairu 1973, iyayenmu da anini da ɗari da kwabo da taro da sisi da sule da fataka suke ciniki. Aninin farko da Turawa suka bugo wa ƙasar nan a 1907 na alminiyon ne mai huda a tsakiya, kuma masana harkar na lissafa shi a matsayin kuɗin alminiyon na farko da aka kashe a kasuwa a duniya. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta fara fito da sulallan azurfa a 1913. Akwai kwabo da ɗari da anini na 1936 masu ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, mutumin da ya sauka daga gadon sarautar Ingila a cikin shekarar, tun kafin kuɗi mai sunansa ya shiga kasuwa a ƙasarsa. Akwai na 1959 da Babban Bankin Najeriya ya fitar, taro mai auduga, sisi mai koko, sule mai ganyen kwakwar manja, fataka mai furen gyaɗa. Sannan ga liyari, azurfar Maria Theresa mai ɗauke da shekarar 1780, wadda fatake suka yawata da ita a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa. Abin takaicin shi ne yawancin masu kyawun, waɗanda ba su suɗe ba, suna hannun dillalan ƙasashen waje, don haka mai son tarihin kakanninsa dole ya sayo shi daga can, ya jira gidan waya.

Mu da Amana, Su da Takarda

Mu mutane ne da suka saba da amana. Kasuwancin goro da shanu tsakanin Kudu da Arewa a kanta ya ginu. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan ya rubuta littafi a 1969 a kan yadda maigida da dillali da baƙo ke juya dukiya mai yawa da baki kawai. To amma mai karatu ya lura da dalilin da ya sa abin ke tafiya. Kowa ya san kowa, kuma wanda ya ci amana yau, gobe ba shi da fuskar shiga masallacin unguwa, balle wani ya sake ba shi kaya. Ƙunshin da ya taso daga Birmingham zuwa Legas kuwa, zai bi ta hannun mai karɓa a kanta, da mai tantancewa, da mai lodin jirgi, da kwastan, da mai rabawa, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya san ka ko zai ji kunyarka. A irin wannan tafiya takarda ce ke tsayawa a madadin maigida. Wanda ya shiga harkar da halin kasuwar goro, ya ce ai ba komai Allah zai kawo, ya bar ƙofarsa a buɗe ne.

Kada kuma a ɗauka satar wasiƙa cutar Najeriya ce kaɗai. A Amurka, inda hukuncin satar wasiƙa ke kai wa ɗaurin shekara 5, abin ya yi ƙamari har hukumar gidan wayarsu ta ƙaddamar da shiri na musamman a 2023 saboda yadda ake tare masu raba wasiƙu ana ƙwace musu mabuɗan akwatuna. A Ingila, ranar 8 ga Agusta 1963 'yan fashi suka tare jirgin ƙasan gidan waya da ya taso daga Glasgow zuwa Landan suka kwashe kusan fam miliyan 2.6, kuma abin da ya ba su nasara shi ne wani na ciki ya tsegunta musu taragon da kuɗin ke ciki. Wannan darasi ne babba. Ɓarawo ba ya buɗe dubban ƙunshi yana lalube, wanda ya nuna alamar akwai abu a ciki shi yake ɗauka.

Ƙunshi Mai Shiru

Saboda haka mataki na farko shi ne ƙunshin ya kame bakinsa. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ambulan ɗin da aka buga wa tambarin shago mai ɗauke da kalmar zinariya ko azurfa ko sulalla, ko wanda idan aka girgiza sai a ji ƙarar ƙarfe, ko wanda da an shafa za a ji da'irar kwabo, shi ya gayyato ɓarawo da kansa. Ko babu ɓarawo ma, injin tantance wasiƙu na iya matse siririn ambulan har sulen ya yaga gefe ya faɗi, kai kuma a miƙo maka takarda fayau.

Kafin ka biya, ka rubuta wa mai sayarwa yadda kake so ya naɗe. Kowane sule a sa shi a gidansa na kwali ko na roba, a manne shi tsakanin kwali biyu masu kauri yadda ba zai motsa ba, a sa cikin ƙaramin akwati ko ambulan mai soso, a rufe kowace kusurwa da salatif. Sunan mai aikowa ya zama sunan mutum ko haruffa kawai. Ana ba da labarin cewa lu'ulu'un Cullinan, wanda aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905 mai nauyin karat 3,106, an yi shelar za a kai shi Ingila a jirgin ruwa da masu gadi, alhali na jabu ne a jirgin, na gasken kuwa a wani akwati da ba shi da wata alama ya tafi ta gidan waya. Haka a 1958 dillalin nan Harry Winston ya aika lu'ulu'un Hope daga New York zuwa gidan tarihi na Smithsonian a Washington ta wasiƙar rajista. Dala 145.29 ya biya, dala 2.44 ce kawai kuɗin kan sarki, sauran duk na inshorar dala miliyan ɗaya ne. Ka duba rabon nan da kyau, mai karatu. Mutumin ya san inda ya kamata kuɗinsa ya tafi.

Rajista Daban, Inshora Daban

A nan ne da yawa ke ruɗewa. Mutum ya ga an ba shi lambar bin sawu sai ya ɗauka kayansa na da kariya. Lambar bin sawu labari kawai take ba ka, ta ce ƙunshi ya bar Landan, ya iso Legas. Idan ya ɓace, iyakarta ta nuna maka wurin da aka yi masa ganin ƙarshe.

Gidajen waya na duniya, har da NIPOST da aka kafa a 1985, suna aiki ne a ƙarƙashin yarjejeniyar Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a Bern ta ƙasar Suwizalan a 1874. Yarjejeniyar ta hana a sa tsabar kuɗi ko zinariya ko azurfa a cikin wasiƙar da ba ta da inshora. Diyyar wasiƙar rajista idan ta ɓace kuwa an ƙayyade ta, SDR 30 ce, wato wani ma'aunin kuɗi na Asusun Lamuni na Duniya, abin da bai wuce kimanin dala 40 ba. Ke nan idan ka sayi fam ɗin zinariya na Ingila, mai nauyin giram 7.98, aka aiko maka da rajista kawai, ya ɓace, abin da za a biya ko kashi ɗaya cikin goma na kuɗinka bai kai ba.

Lambar kanta tana faɗa maka irin aiken da aka yi. Harafi da lamba 13 ne, haruffa biyu a farko, lambobi tara a tsakiya, haruffan ƙasa biyu a ƙarshe, kamar GB na Birtaniya ko US na Amurka. Idan ta fara da R rajista ce, V wasiƙa mai inshora, E aiken gaggawa na EMS, C kuma ƙunshi ne. Idan ka biya kuɗin inshora aka turo maka lamba mai farawa da U, to ka yi magana tun a ranar, domin ba abin da ka biya ba ne aka yi.

Wani zai ce to a bar gidan waya mana, a ba manyan kamfanonin aike. Sai dai kafin ka yi haka ka karanta sharuɗɗansu. FedEx da UPS da DHL duk sun sa tsabar kuɗi a jerin kayan da suka hana ko suka taƙaita. Za a iya karɓar ƙunshin a kanta tunda ba a buɗe ba, amma ranar da ya ɓace ka zo neman diyya, wannan layin da ba ka karanta ba shi za a nuna maka. Manyan dillalai da gidajen gwanjo kan sayi inshora ta daban daga kamfanonin da suka yarda da irin wannan kaya. Tambayar da za ka yi wa mai sayarwa ita ce, inshorar nan ta ƙunshi sulalla, kuma ta ƙunshi Najeriya? Ya amsa maka a rubuce.

Batun Rage Kuɗi a Takardar Kwastan

Akwai wata ɗabi'a da nake ganin ta fi kowace cutar da mu, wato roƙon mai sayarwa ya rubuta kyauta ce, ko ya sa dala 10 a kan kayan dala 200, don gudun haraji ko don kada a ja hankalin ɓarawo. Na fahimci dalilin, domin takardar a bayan ƙunshi ake manna ta, kowa na gani. To amma ka yi lissafi. Inshora ba ta biyan fiye da abin da aka bayyana, saboda haka ka rubuta da hannunka cewa kayanka dala 10 ne. Idan kwastan suka buɗe suka ga saɓani, kai ne mai laifi. Sannan tun watan Satumba na 2025 Hukumar Kwastan ta Najeriya ta yafe haraji a kan ƙananan kayan da ba su wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara, wanda ya rufe yawancin abin da mai tara anini da kwabo zai saya. Hanyar da ta dace ita ce a faɗi gaskiya ba tare da talla ba. A tsarin lambobin kwastan na duniya, kayan tarihi na masu tarawa suna ƙarƙashin lamba 9705. A rubuta kayan tarihi na ajiya, a sa lambar, a sa kuɗin gaskiya. Wannan ba ƙarya ba ce, kuma ba ta kiran ido kamar kalmar zinariya.

Hanyar Biya Ita ce Makaminka

Yadda ka biya shi ke nuna ko kana da abin kamawa. A eBay, mai saye na da kwana 30 daga ranar da aka yi alkawarin isowar kaya ya kai ƙara cewa bai gani ba, kuma idan cinikin ya kai dala 750 dole mai sayarwa ya nuna shaidar sa hannun wanda ya karɓa. PayPal, wanda ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar biyan kuɗi waje a 2014, yana ba da kwana 180, amma kariyar ba ta shafi kuɗin da aka tura a matsayin na 'yan'uwa da abokai. Don haka duk mai sayarwar da ya ce ku fita daga dandalin, ka turo masa ta banki ko ta hannun ɗan canji zai rage maka wani abu, kariyarka yake saye da araha. A Birtaniya, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ce kaya na wuyan ɗan kasuwa har sai sun shiga hannun mai saye, sai fa idan mai sayen ne ya kawo nasa mai ɗauka. Wanda ya rubuta a tallarsa cewa ba ruwansa idan kaya ya ɓace a hanyar Afirka, ka bar masa kayansa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Wannan togaciyar ta mai ɗauka tana da muhimmanci a gare mu, domin masu sayarwa da yawa ba sa aikowa Najeriya kai tsaye, sai mutum ya ba da adireshin kamfanin turo kaya ko na wani ɗan'uwa a Houston ko Landan. Da zarar lamba ta nuna an sauke a wannan adireshi, mai sayarwa ya fita, sauran tafiyar taka ce. Idan kamfani ne, ka tambayi sharaɗinsu a kan sulalla tun kafin ka saya. Idan ɗan'uwa ne, ka tabbata sai an sa hannu za a miƙa, domin can ajiyewa ake yi a bakin ƙofa a tafi, shi kuma yana wurin aiki.

Zangon Ƙarshe

Ƙunshi zai iya ƙetare teku lafiya ya zo ya ɓace a ƙofar gidanka. Mu da ke zaune a gidajen haya masu ɗaki goma sha, a layin da lambar gida ba ta bin ta kusa da ita, mun san wannan. Mai rabawa ya zo ba ka nan, ya miƙa wa wanda ya tarar a ƙofa, shi ke nan. Ya fi maka ka kama akwatin gidan waya, ko ka ba da adireshin wurin aiki inda akwai mai karɓa da littafi, ka sa lambar wayarka da lambar yankinka mai lamba shida, sunan da ke jikin ƙunshin kuma ya yi daidai da na katin shaidarka. Da ka ga lamba ta nuna ya iso, ka tafi da ƙafarka ka karɓa.

A wurin karɓa kada ka yi gaggawar sa hannu. Ka juya ƙunshin ka duba ko an yanka an sake mannewa, ka gwada nauyinsa da wanda aka rubuta a jiki. Idan da alamar taɓawa, a rubuta hakan a gaban ma'aikaci. Ka ɗauki bidiyo da wayarka tun daga rufe har buɗewa, ka ajiye kwalin da rasit. Liyari na gaske giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kuma maganaɗisu ba ya kama azurfa, don haka ƙaramin sikeli zai raba gardama. Idan sulen na cikin rufaffen gidan roba na PCGS ko NGC, kamfanonin tantancewa da aka kafa a 1986 da 1987, yana da lambar shaida da za ka duba a shafinsu. Ka rubuta ta tun ranar ciniki, domin ita ce za ta tona asirin kayan idan wata rana ya ɓulla a kasuwa. Idan kuma bai iso ba, ƙa'idar gidajen waya wata 6 ce daga ranar aikawa, kuma a al'ada mai aikowa ne ke neman diyya, saboda haka ka tashe shi da wuri.

Ga kaya mai tsada kuwa, har yanzu babu kamar hannun amintaccen matafiyi, amma shi ma da tsari. Ya riƙe a jakar hannu, kada ya sa a akwatin da za a jefa cikin jirgi. A ƙirga a gabansa, a ɗauki hoto, rasit na tare da shi. Kuma a tuna abin da malamai ke faɗa, cewa wanda aka ba ajiya kyauta ba ya biya idan ta salwanta ba da sakacinsa ba. Haka nan tura irin wannan kaya gida ta hannun direban tasha, a ɗaure a leda ba rasit, ya dace da yadi da man ja. Azurfa kuwa ka bari sai za ka je sallah ka tafi da abinka.

To Idan Kuɗin Aike Ya Fi Kuɗin Kaya Fa?

Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma ba zan kauce masa ba. Kwabon 1936 da na ambata, duk da labarinsa mai daɗi, an buga shi da yawa, ba shi da tsada, kuma biyan inshora a kansa ɓarnar kuɗi ce. Ma'aunina shi ne, abin da idan ya ɓace za ka yi tsaki ka manta, ka aiko shi da lambar bin sawu kawai. Abin da zai hana ka barci, ka biya masa cikakkiyar kariya, ka lissafa kuɗin a cikin farashinsa tun kafin ka taya. Idan jimillar ta fi ƙarfinka, to sulen ne ya fi ƙarfinka a yanzu. Ƙanana kuma ka roƙi dillali ɗaya ya tara maka su na wata biyu ko uku ya aiko a ƙunshi ɗaya mai inshora, ko ku haɗu ku uku ku raba kuɗin.

Abu guda ne inshora ba ta iya mayarwa. Kuɗi za su dawo, amma sulen 1913 da bai suɗe ba, wanda ya tsallake shekara ɗari da ɗoriya, idan ya faɗa hannun wanda zai kai shi maƙera a narke a yi zobe, ya tafi ke nan, kuma adadin irinsa a duniya ya ragu da ɗaya. Shi ya sa nake ganin 'yan mintocin da mutum zai ɓata yana rubuta wa dillali yadda zai naɗe kaya, da 'yan dalolin inshora, haƙƙi ne da kayan ke da shi a kan wanda ya saye shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya kai kowa gida lafiya. Wassalam.